Liyarin Kaka

Kwana arba'in da rasuwar kakata, a shekarar 2021, aka buɗe adakarta domin rabon gado. A ƙarƙashin zannuwan saƙi muka tarar da wani faifan ƙarfe da ya yi baƙi, an liƙa masa ɗan kunne na ratayawa. Fuska ɗaya hoton wata mace ce mai jiki da lulluɓi, ɗaya kuwa gaggafa ce mai kai biyu, ga kuma lamba 1780 ɓaro-ɓaro. Kawuna ya ce tsohon kuɗi ne na miliyoyi, dole a sayar a raba. Gwaggona ta ce kwalliya ce ta maƙera, kuma marigayiya ta yi mata alkawarinta. Magana ta fara zafi, sai aka miƙo mini, wai ni ne na karanta tarihi. Digirin nawa bai taɓa sa ni auna ƙarfe ba.

Sunan abin na fara samu, daga bakin wani dattijo maƙerin farfaru a Kasuwar Kurmi. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce, “Ɗana, ai liyari ne.” Matar da ke jiki ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda aka fara buga kuɗin azurfa da hotonta a 1741. Fatake suka bi da shi ta Bahar Maliya da Sahara, ya shiga Habasha da ƙasashen Larabawa da Barno. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya same shi yana aiki a kasuwar Kukawa a 1851, lokacin da wuri ne kuɗin yau da kullum a Kano. Da Turawan Ingila suka kawo sule da kwabo da anini, suka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, sai liyari ya bar kasuwa ya koma wuyan mata, ko ya narke a maƙera.

To amma sanin suna bai raba gardama ba, domin maƙera sun iya zuba kwaikwayonsa. Dattijon ya kanga masa maganaɗisu, bai kama ba. Ya ce wannan ƙarfe kawai ya kore, tagulla ma ba ta kamawa. Ya ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Ya aza a ma'auni: na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari azurfa, namu kuwa da kunnensa ya tsaya dab da haka. Sannan ya juya shi a tsaye ya nuna mini gefensa, inda na ga haruffan Latin sun taso kewaye da baki. A nan zubi yake tona kansa, in ji shi, don bakinsa kan fito a shafe, fuskarsa da ƙananan ramuka kamar zanzana. Namu bugu ne, ba zubi ba.

Na koma gida da murna, sai karatu ya rage mini ita. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma 'yan kasuwa sun ƙi amincewa da kowace fuska sai tata, saboda haka aka ci gaba da bugawa da wannan shekara ba a canza ba. An buga a Biyana, daga baya a Roma da Landan da Faris da Bombai, kuma har yau Ostiriya tana bugawa. Ashe lambar da kawuna ya kafa hujja da ita tana jikin ɗaruruwan miliyoyin irinsa. Ga kunnen da aka liƙa, wanda ya ƙara karya darajarsa a wajen masu tara tsofaffin kuɗi. Abin da ya rage shi ne farashin azurfar da ke cikinsa, giram 23 da ɗan kai.

Na bayyana wa dangi haka a zaure. Kawu bai ji daɗi ba, har ya tambaya ko gwaggo ce ta tsara ni. Malamin da ke rabon ya sa aka yi wa liyarin kuɗi bisa nauyinsa, aka cire daga kason gwaggo. Ta goge shi da toka da lemun tsami, ta zura masa baƙin zare, ta rataya wa jikarta ranar suna.