Hayar gona da gida a karkarar arewacin Kano

Hayar gona da gida a karkarar arewacin Kano ita ce al'adar da mai gona ko mai gida yake bai wa wani damar noma filinsa ko zama a ɗakinsa na wani lokaci, a kan kuɗi ko wani kaso na amfanin gona. Ana yin ta a ƙananan hukumomi irin su Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Dambatta da Makoda. Yankin yana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, kuma masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960. Ana noma gonakin kowace shekara ba tare da hutu ba, rabon gado kuma yana ƙara ƙanƙanta su. Mafi yawan masu bayar da haya a nan ƙananan masu dukiya ne, kamar magada da suka koma birni, da zawarawa, da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, da 'yan fansho da suka gina ɗakuna kaɗan.

Ire-iren yarjejeniya

Hausawa sun bambanta hanyoyin riƙe gonar wani. Aro shi ne a ba mutum gona ya noma ba tare da an yanke kuɗi ba, sai dai ya kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu bayan girbi don godiya. Haya kuwa ana yanke kuɗinta kafin damina, yawanci na shekara ɗaya. Jingina ita ce mai gona ya karɓi bashi ya miƙa gonarsa, ba za ta dawo hannunsa ba sai ya biya. Malamai da dama suna ƙyamar mai bashi ya ci amfanin gonar jingina, domin suna ganin ya yi kama da riba. Akwai kuma noma-mu-raba, inda ake kasa abin da aka girbe tsakanin mai gona da manomi. A bisa al'ada itatuwa kamar ɗorawa, tsamiya da kuka suna nan na mai gona ko da ya bayar da ita haya.

Hayar ɗaki ta fi yawa a garuruwan da ke da baƙi. A Bichi akwai ɗalibai da ma'aikatan Kwalejin Ilimi ta Tarayya, a Dambatta akwai na Kwalejin Noma ta Audu Bako, a Dawanau kuma 'yan kasuwar hatsi suna hayar shaguna da rumbunan ajiya.

Tarihin haraji

Kafin zuwan Turawa a 1903, manoman Kano suna biyan kuɗin ƙasa da zakkar hatsi, da kuɗin shuka a kan wasu amfanin gona na musamman. A farkon mulkin mallaka aka shigo da tsarin taki, inda malaman taki suke auna gona da sawu, a yanka haraji gwargwadon girmanta. Kalmar ta fito ne daga "taka", ba takin da ake zubawa a gona ba. Da aka wajabta biya da kuɗin Turawa maimakon wuri, kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoma suka rungumi noman gyaɗa don samun kuɗin haraji. Wanda damina ta ba shi baya yakan jinginar da gona don ya biya.

A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Matakin ya sauke wa talakawa nauyi, ya kuma rage aikin karɓar kuɗi da dagatai da masu unguwanni suke yi. Aikinsu na shaidar cinikin gona da sasanta rikicin iyaka ya ci gaba.

Dokar ƙasa

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara, ƙaramar hukuma ce take bayar da izinin riƙe fili na gargajiya, har hekta 500 don noma. Dokar ta ba gwamna ikon ayyana wani yanki a matsayin birni, da ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Idan an karɓe, ana biyan diyyar gini da shuka, ba darajar filin kansa ba. Wannan ya fi shafar ƙauyukan Ungogo da Dawakin Tofa, inda birnin Kano yake ta cin gonaki ana yanka su filotai.

Sauyin gwamnati ma yana taɓa darajar takarda. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-gine a birnin Kano da ta ce gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sayar da filayensu ba bisa ƙa'ida ba. Masarautar Bichi, wadda aka kafa a 2019, an soke ta a 2024, hakimai da dagatan yankin suka koma ƙarƙashin Masarautar Kano.

Harajin zamani a kan haya

Kuɗin haya yana cikin kuɗin shigar da doka ta ce a biya wa haraji. Idan ɗan haya kamfani ne ko hukuma, yakan cire kashi 10 cikin 100 ya miƙa wa hukumar haraji kafin ya biya mai gida. Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya bai wa ƙananan hukumomi aikin kimanta gidaje don karɓar kuɗin gini.

A watan Yulin 2020 hukumar tattara haraji ta tarayya ta sanar da kuɗin hatimi na kashi 6 cikin 100 a kan takardun haya. Bayan ƙorafin jama'a da ƙungiyar ƙwadago, ta bayyana cewa wannan kaso na hayar da ta haura shekara 21 ne kawai, gajeriyar haya kuwa bai kai kashi 1 ba.

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, waɗanda aka tsayar su fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Sun yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Sun kuma bai wa ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, iyakarsa naira 500,000. Kafin ya samu rangwamen sai ya bayyana abin da yake biya, don haka ma'aikacin da yake haya yana da dalilin neman rasit daga mai gida.

Tasiri

Mai gonar da yake samun kuɗin haya kaɗan ba zai kai mizanin biyan haraji ba. Abin da ya fi damunsa shi ne rashin tabbas. Wanda ba shi da takardar shaida yana tsoron doguwar haya, kada bayan rasuwarsa ɗan haya ko 'ya'yansa su ce gonar tasu ce. Saboda haka yakan bayar da ita shekara-shekara, da baki, a gaban mai unguwa ko shaidu biyu.

Gajeriyar haya tana cutar da ƙasar noma. Albarkar gonakin yankin ta dogara ga takin dabbobi da sharar gari da ake kaiwa da rani, kuma ƙarfinsa yakan wuce damina ɗaya. Manomin da bai san ko zai sake noma gonar baɗi ba yakan kai takin gonarsa ta gado, ya bar ta haya da ɗan takin zamani.

A gefen birni, mai gona yana auna kuɗin haya na shekara da kuɗin filoti, ga kuma fargabar a karɓe filin a biya shi diyyar shuka kawai. Da yawa sukan sayar, manoman da ba su da gona kuma su rasa wurin haya. Masu ɗakunan haya sukan nemi kuɗin shekara gaba ɗaya, su ɗora duk wani sabon caji a kan ɗan haya, ko su jinkirta gyara da ƙarin gini har sai sun ga inda doka ta tsaya. Rikicin da ya taso yakan fara zuwa gaban dagaci, sannan hakimi, in ya gagara a kai shi kotun shari'a.