Gwajin Fallen Ƙarfe, daga Maƙerun Tambuwal da Kebbe zuwa Ma'aikatun Turawa

Tun sa'ad da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal, garin bai rabu da bukatar maƙera ba, gama mayaƙi na son mashi da likkafa, manomi kuwa na son fartanya. Wannan aikin maƙeran baƙi ne. Su kuwa maƙeran fari, tagulla da azurfa suke bugawa har su zama falle.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai garwar kananzir da duro suka yawaita. Maƙera a ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar na sauran ƙasar Hausa, suka shiga yanka su suna yin fitila da mazurari da kasko. To, wuyar aikin ɗaya ce, watau sanin iyakar miƙewar da falle zai yi kafin ya tsage. Wanda ya kuskure ya yi hasarar ƙarfe da gawayi da yini guda.

Saboda haka gwani ba ya fara aiki sai ya lanƙwasa gefen fallen, ya ɗora shi bisa uwar maƙera, ya buga da masaba ya saurari amonsa. Ya kuma sani bugu yana taurara tagulla. In ta taurara sai ya mai da ita wuta ta yi ja, sa'an nan ta sāke yin laushi.

Abin da ya dami maƙeri shi ya dami masu ma'aikatun Turai da Amurka. A 1914 wani injiniya a Jamus, Erichsen, ya fito da gwaji: a danna dunƙulen ƙarfe mai faɗin milimita 20 cikin falle har ya tsage, a auna zurfin ramin. A 1963 Keeler da Backofen a Amurka, da Goodwin a 1968, suka auna yadda falle ke miƙewa ta kowace fuska. Daga nan aka sami taswirar da ke nuna inda jikin mota zai kece tun ba a matsa shi ba.

Injiniya ya rubuta saninsa da lamba, ya bar wa na baya. Na maƙeri kuwa yana kunnensa da hannunsa, in ɗansa bai zauna gindin zugazugi ba, ranar da tsohon ya rasu da shi za a binne.