Daga Ƙahon Kunne Zuwa Na'urar Ji Ta Zamani

Kafin zuwan lantarki, mai raunin ji ba shi da madogara sai ƙahon ƙarfe da yake karawa a kunne ya tattaro masa sauti. Da irinsa Beethoven, shahararren makaɗin Jamus, ya yi ta fama. A 1898 Miller Reese Hutchison ya ƙera na'ura mai aiki da lantarki a Amurka, sai dai ta yi girma ainun. Ba ta ƙanƙance sosai ba sai a 1952, da aka sanya mata tiransista.

Shekarar 1996 ce ta fi tsaya mini a rai. A cikinta na'urar dijital ta bazu a kasuwannin Turai, a cikinta kuma sanƙarau ya ratsa Arewacin Nijeriya, ya bar yara da dama da kurumta.

Na'urorin farko kowane sauti suke ɗagawa, muryar jika da kukan injin niƙa baki ɗaya. Ta zamani kuwa saita ta ake yi bisa sakamakon gwajin ji, domin kowane kunne da irin sautin da ya ɓace masa. Wanda ya sayo ta a kasuwa ba gwaji, ƙaho ya saya da tsada.

Don haka mutumin Gwaram ko Birnin Kudu ya fara da asibiti, a leƙa kunnen, don wani lokaci datti ne kawai ya toshe shi. In ana bukatar gwaji, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku gaya wa likita in an taɓa yi wa majinyacin allurar gentamicin ko streptomycin, domin suna iya lalata ji. Kafin ku biya kuɗi, ku tambayi inda ake samun batirinta, da wanda zai gyara ta in ƙurar hunturu ta shige ta.