Salihu Jankiɗi: Sarkin Taushin da Na'ura ta Riska da Tsufa

Idan aka ce a lissafa manyan makaɗan fada da ƙasar Zamfara ta haifa, sunaye uku ne ke fara zuwa baki: Ibrahim Narambaɗa na Tubali, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, da Sa'idu Faru. Salihu Jankiɗi sai daga baya ake tunawa da shi, shi ma galibi a bakin malaman jami'a ko dattawan da suka yi zamani da rediyo mai batir. Alhali a ma'aunin fada, wanda shi ne ma'aunin da su makaɗan suka yarda da shi, babu wanda ya kai inda Jankiɗi ya kai a cikin su huɗun. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Ɗanƙwairo ya taso a fadar Maradun. Ubangidan Sa'idu Faru, Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, bai zama Sarkin Musulmi ba sai a 1996, bayan Faru ya riga mu gidan gaskiya. Jankiɗi kuwa shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wato shugaban makaɗan taushi a fadar da ta fi kowace girma a ƙasar Hausa. Yaya aka yi wanda ya fi kowa muƙami ya zama wanda aka fi ƙarancin saurare?

A Rawayya aka haife shi, garin da a yau yake cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, kuma kiɗa gadonsa ne na gida. Masu binciken tarihinsa sun sanya haihuwarsa a wajen 1852 ko 1853, ya kuma rasu a Sakkwato a 1973. Wannan lissafi ya ba shi kimanin shekara 120 a duniya. Mai shakka yana iya rage shekara ashirin daga ciki, amma duk da haka Jankiɗi zai kasance cikakken namiji a watan Maris na 1903, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato. Nan ne muhimmancinsa na farko yake. Ɗanƙwairo da Faru 'ya'yan zamanin Turawa ne. Fadar da suka buɗe ido suka gani fada ce ta En'e, mai albashi da jangali da rangadin Di'o. Jankiɗi ya koyi sana'arsa a lokacin da ake kaɗa wa sarki don ya hau doki ya fita yaƙi da gaske, lokacin da kirarin jaruntaka yake nufin abin da ya faɗa. Wanda ya saurari abin da ya rage na muryarsa yana jin mutumin da kunnensa ya ginu kafin zuwan Nasara, kuma irin waɗannan muryoyi ba su da yawa a taskar waƙar Hausa.

Tsakanin zamansa na Rawayya da na Sakkwato akwai na Tsafe, inda ya zauna a matsayin makaɗin 'Yandoto. Ana yawan tsallake wannan zango a taƙaitattun tarihinsa, ni kuwa ina ganin a nan ne ya kamata mai nazari ya daɗe. Ƙasar da ta tashi daga Bunguɗu ta bi ta Gusau da Kwatarkwashi ta kai Tsafe cike take da fadoji matsakaita, kowace da tarihinta da abokan gabarta: Sarkin Fulanin Bunguɗu, Sarkin Katsinan Gusau, Sarkin Kwatarkwashi a gindin dutsensa, da 'Yandoton Tsafe wanda sarautarsa ke ɗauke da sunan tsohon garin malamai na 'Yandoto, wanda Muhammadu Bello ya ci da yaƙi a farkon jihadi. Makaɗin da ke yawo tsakanin waɗannan gidaje dole ya haddace nasabar kowanne, ya san wanda ya gaji wane, ya san sunan da in an ambata sarki zai yi murmushi da wanda in an ambata za a kore shi daga zaure. Waɗannan fadoji su ne makarantar. Fadar Sarkin Musulmi wurin karɓar ijaza ce kawai. Jirgin ƙasa da ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920 ya ƙara wa yankin kuɗin gyaɗa da auduga, hakimai suka samu abin yin kyauta, kuma inda kyauta take nan makaɗa ke taruwa.

Abin lura shi ne, a yau in aka ce waƙar 'Yandoton Tsafe, hankalin kowa kan tafi ga wadda Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoto Aliyu. Ta cancanci hakan, don tana cikin gwanayen waƙoƙinsa. Amma ta rufe wanda ya riga shi kaɗa wa wannan gida, har ta kai matashin Tsafe yana iya rera ta Ɗanƙwairo daga farko har ƙarshe bai taɓa jin cewa Sarkin Taushin Sarkin Musulmi daga garinsu aka ɗauke shi ba.

Dalili na farko na wannan mantuwa shi ne na'ura. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fi kowace kafa raba wa makaɗan Hausa suna, ya fara aiki a 1962. A lokacin Ɗanƙwairo yana kan ganiyarsa, Faru matashi ne, Mamman Shata yana cin kasuwarsa. Jankiɗi kuwa ya tsufa tukuf. Duk waƙoƙin da ya yi a shekarun ƙarfinsa, a Tsafe da sauran fadojin gabas, an yi su ne a fili, iska ta kwashe, sai abin da 'yan amshi suka riƙe a ka. Sannan ya rasu kafin kaset ya cika kasuwanni. Ɗanƙwairo ya rayu har 1991, Shata har 1999, duk sun ga zamanin da kowane direban mota da mai shayi ke da rikoda. Gadon wannan bambanci yana nan har gobe. Je ka wurin masu tura waƙa a waya a kasuwar Gusau, ka ce wa yaron da ke gaban kwamfuta ya zuba maka waƙoƙin gargajiya. Zai buɗe maka Shata da ɗimbin waƙoƙi, ya buɗe Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Ɗan'anace, Sani Sabulu na Kanoma. In ka ce Jankiɗi, sai ya ɗan dakata ya yi bincike. In an dace ya samo 'yan kaɗan, sautinsu a dushe, wani lokaci ma an liƙa musu sunan wani makaɗin daban. Ba laifin yaron ba ne. Abin da aka ɗauka shi ake turawa.

Sai dai na'ura kaɗai ba ta isa ta zama amsa ba, domin Narambaɗa ma bai ga zamanin kaset ba, ya rasu tun farkon shekarun 1960, amma ga waƙarsa Bakandamiya nan a bakin kowa. Dole a nemi sauran dalilin a cikin irin kiɗan da irin fadar.

Taushi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai baki ɗaya, ana rataya shi, ana kaɗa shi da hannu. Ba shi da tsarkiyar da ake matsawa a hammata a sauya murya kamar kalangu, saboda haka ba ya yin magana a madadin mawaƙi, ba ya kuma jan ƙafa zuwa rawa. Aikinsa shi ne ya shimfiɗa wa murya tabarma ya koma gefe. Nauyin waƙa duka yana kan jagora da 'yan amshinsa: jagora ya ɗauko ɗan waƙa, kafin ya dire su karɓe, su ƙarasa masa, wani lokaci su yi ƙari da nasu, sannan a koma gindin waƙa a huta. Wanda ke zaune a gaban fada daren Juma'a ko ranar hawan salla yana ganin wannan da idonsa: yadda jagora ke ɗaga hannu ya nuna sarki, yadda sanƙira ke kutsawa da kirari a tsakani, yadda fadawa ke gyaɗa kai in an taɓo kakan da suka sani. A faifai duk wannan ya tafi, sai muryoyi masu hawa kan juna cikin Sakkwatanci mai kauri. Kuma bisa al'ada taushi kayan sarauta ne kamar kotso da jauje da tambari. Ba a kaɗa shi ga mahauci ko ɗan kasuwa. Kalangun Shata ya shiga tasha da gidan biki da barikin soja. Taushin Jankiɗi bai da wannan 'yanci.

Kotso ma kiɗan sarauta ne, amma masu kaɗa shi, Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Faru, sun samu wani sarari da Jankiɗi bai samu ba. Abin da ke sa waƙar fada ta fita daga fada ta shiga gari shi ne zambo da habaici, da kuma kirarin da makaɗi ke yi wa kansa. Hakimi yana da 'yan'uwa masu neman kujerarsa, yana da maƙwabcin da suke ja-in-ja kan iyaka, makaɗinsa kuwa yana da damar ya yi musu kaca-kaca da sunan dabbobi da siffofin ban dariya, jama'a su kwashe su mayar karin magana. Wa makaɗin Sarkin Musulmi zai yi wa haka a sake? Ubangidansa ba shi da tsara a ƙasar. Abokan takararsa 'yan gida ɗaya ne, jikokin Shehu Usmanu kamarsa. Sarki Abubakar, wanda ya hau a 1938 ya yi shekara 50 a kan gado, jikan Mu'azu ɗan Muhammadu Bello ne. Ahmadu Bello, wanda ya nemi sarautar tare da shi, aka naɗa shi Sardauna aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas, jikan Abubakar Atiku na Raba ne, wanda shi ma ɗan Muhammadu Bello ne. Tsamin da ya shiga tsakaninsu, har da shari'ar kuɗin jangali ta 1943 wadda Sardauna ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi a Zariya, ba ɓoyayye ba ne. Daga baya wannan Sardauna ya zama Firimiyan Arewa, kuma Jankiɗi ya yi masa waƙa. Makaɗin da ke tsaye a tsakanin waɗannan mutum biyu, yana yabon kowanne da kaka ɗaya, dole kowace kalma ya auna ta. Wannan gwaninta ce babba, amma irin wadda sai wanda ya san gidan ke ganewa.

Akwai kuma nauyin addini. Sarkin Musulmi magajin Shehu Usmanu ne, wanda a Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da ya yi wa jihadi. Kiɗa ya dawo fadojin jikokinsa, amma a Sakkwato ya dawo da rawani. Turken yabo a can yana jingina ne ga nasaba, da riƙon addini, da adalci, da addu'a. Mai neman abin dariya ko abin rawa zai ga waƙar ta yi masa nauyi. Mai neman ya san yadda gidan Shehu ke son a gan shi a tsakiyar ƙarni na 20, a lokacin da mulki ke sulalewa daga hannun sarakuna zuwa na 'yan siyasa, ba shi da shaidar da ta fi wannan kusa da majalisar sarki.

Dalili na ƙarshe na taswira ne. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, rayuwar Jankiɗi ta rabu gida biyu: haihuwa da koyo da ƙuruciya a Zamfara, sarauta da kabari a Sakkwato. Zamfarawa na ganin sa na Sarkin Musulmi ne, Sakkwatawa kuma sun san baƙo ne daga gabas. Ɗanƙwairo yana da Maradun da 'ya'ya da jikoki masu ci gaba da rera waƙoƙinsa a bukukuwa, suna sabunta sunansa kowace shekara. Jankiɗi ba shi da garin da ya rungume shi haka.

A fagen ilimi ba a yi masa rowa ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya shafe rayuwarsa kan waƙar baka, ya kawo tarihinsa a Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya kuma keɓe masa littafi sukutum mai suna Salihu Jankiɗi Sarkin Taushi. Ba don wannan aiki ba da abin da za a faɗa a kansa bai wuce shafi ɗaya ba. Amma littafi yana adana kalmomi ne, ba ya adana karɓi da ƙari, kuma ɗalibai sun fi son rubuta kundi kan makaɗin da za su iya saurare a waya. Haka nazari kan Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo ke ta ƙaruwa, na Jankiɗi yana nan kusan inda Farfesa Gusau ya bar shi.

Aikin da ya rage yana gefen Zamfara, kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ita ce ta fi kusa da shi. Waƙar fada ba ta mutuwa da mai ita nan take. Takan saura a bakin zuriyar 'yan amshi, da tsofaffin fadawa, da matan gidan sarauta da suka ji ta suna yara. Irin waɗannan mutane a Tsafe da Rawayya da Kwatarkwashi su ne kaɗai za su iya maido da wani abu daga waƙoƙin da ya yi kafin Sakkwato. Matsalar ita ce yankin nan yana cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba, ƙauyuka da dama sun watse, tsofaffi sun koma zaman gudun hijira a Gusau da wasu garuruwa, kuma mai bincike ba ya iya ɗaukar rikoda ya shiga ƙauye kamar da. Abin da ke ajiye a taskokin rediyon Kaduna da Rima a Sakkwato ma yana bukatar a juye shi daga tsofaffin faya-fayai, a tantance wace waƙa ce tasa, wace ce ta wasu masu taushi irin su Aliyu Ɗandawo ko Sarkin Taushin Katsina.

Wanda zai rubuta waƙoƙin kuma sai ya bar su da karin harshensu. An saba gyara wa makaɗan yamma baki zuwa daidaitacciyar Hausa, a mayar da "yat tahi" ta koma "ya tafi", "munka" ta koma "muka", "anka" ta koma "aka". A zube wannan ba komai ba ne. A waƙa kuwa kowane irin wannan gyara yana mayar da gaɓa mai nauyi ta zama sassauƙa, layin ya daina hawa kan bugun taushi, mai karatu ya ɗauka makaɗin ne bai iya awo ba.