Rumbun Lantarki: Tarihin Batir da Rabe-raben Ayyukansa

Duk wanda ya shiga layin masu sayar da kayan lantarki a wata babbar kasuwa, a Kano ne ko Maraɗi ko Kumasi, zai tarar da iri uku na batir kusa da juna: ƙaramin batirin tocila da rediyo, da batirin mota mai nauyi, da kuma siririn batirin wayar salula. An ƙago na mota a 1859, asalin na tocila a 1866, na waya kuwa bai shiga kasuwa ba sai 1991. A al'adar kayan ƙira, sabo yakan kori tsoho, kamar yadda kaset ya kori faifan garmaho. Amma a nan tsohon yana nan daram kusa da jikansa, ana kuwa cinikinsa. Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin dalilin haka, domin rashin saninsa yana jawo wa gidaje da ofisoshi da asibitoci asarar dukiya, wani lokaci har da ta rai.

Da farko ya kamata a gane cewa wutar lantarki ba ta ajiyuwa kamar yadda ake zuba gero a rumbu. Abin da batir ke ajiyewa sinadarai ne, watau abubuwa biyu mabambanta, galibi ƙarafa, da wani ruwa ko danshi a tsakaninsu. Idan aka haɗa kawunan biyu da waya, sai ɗayan ya shiga narkewa ko canza kama, wuta ta gudana. An gano wannan ne sanadiyyar wata gardama tsakanin malamai biyu na Italiya. Luigi Galvani, likita a Jami'ar Bologna, ya lura cewa ƙafar mataccen kwaɗo takan harba idan aka taɓa ta da ƙarfe iri biyu, sai ya wallafa a 1791 cewa akwai lantarki a jikin dabba. Alessandro Volta na Jami'ar Pavia ya ce a'a, daga ƙarafan ne wutar take fitowa, kwaɗon danshi kawai ya bayar. Don ya kafa hujja, sai ya jera fayafayan tutiya da na jan ƙarfe ko azurfa, ɗaya bisa ɗaya, yana raba su da ƙyalle ko kwali da aka jiƙa da ruwan gishiri, ya sami wuta mai gudana ba tare da kwaɗo ba. A watan Maris na 1800 ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan da labari. Daga sunansa aka samo ma'aunin da ake kira bolt.

Jerin Volta yana da lahani, domin ba ya daɗewa sai kumfar iska ta lulluɓe jan ƙarfen, ƙarfin wutar ya faɗi. John Daniell ya magance wannan a Landan a 1836, ya yi batirin da ke ba da wuta daidai wa daida na tsawon lokaci, shi ne kuma ya ɗauki nauyin wayar tangarahu a Turai da Amurka. Layukan tangarahun da Turawan mulki suka ja zuwa Zungeru da Zariya da Kano a farkon ƙarni na 20 ma da batir suke aiki, tun da babu tashar lantarki a garuruwan a lokacin. Ke nan batir ya riga wutar gari isowa ƙasar Hausa.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma Faransawa biyu ne suka raba ta. A 1859 Gaston Planté ya naɗe fallayen darma biyu da ƙyalle a tsakani, ya tsoma su cikin asid na farar wuta, wanda makanikai ke kira ruwan batir, ya ga cewa idan wutar ta ƙare ana iya tura wata a ciki ta baya, sinadaran su koma yadda suke. Wannan shi ne batir na farko mai karɓar caji. Sai dai ya zo kafin lokacinsa, gama babu injin da zai cika shi da arha, har sai da janareto ya wadata bayan 1870, sa'an nan Camille Faure ya gano a 1881 yadda za a shafa ƙullun darma a kan fallayen don su ɗauki wuta mai yawa. Shi kuwa Georges Leclanché, a 1866, ya bi ɗaya hanyar: tutiya, da sandar gawayi, da baƙin garin manganis. Batirinsa yana ba da bolt ɗaya da rabi, ba ya karɓar caji, yana saurin gajiya idan aka matsa masa, amma in an bar shi ya huta sai ya farfaɗo. Saboda haka ya dace da ƙararrawar ƙofa da tarho, waɗanda aikinsu na ɗan lokaci ne. A 1886 wani Bajamushe, Carl Gassner, ya mai da ruwan cikinsa ƙullu, ya mai da tutiyar ta zama gwangwanin da ke riƙe da kome, aka sami busasshen batir wanda za a sa a aljihu ba ya zuba. A 1899 aka yi rajistar fitilar hannu mai aiki da shi a Amurka, kuma saboda haskenta ba ya jimawa, sai Amurkawa suka ba ta sunan da ke nufin walƙiya. Ita ce tocila.

Babu wani irin batir da ya shiga rayuwar talakan Afirka ta Yamma kamar wannan. Tsohon rediyo mai kwalabe yana cin wuta sosai, amma da rediyon transista ya fito a 1954, sai ya zamana batir huɗu ko shida sun isa a yi makonni ana sauraro. Wannan ya zo daidai da buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, da Rediyon Kaduna a 1962, da sashen Hausa na Muryar Jamus a 1963. Manomi a ƙauyen da ba a taɓa kafa turken lantarki ba, da makiyayi a ruga, da ɗan tireda, duk suka sami labarin duniya cikin harshensu. Masu nazarin siyasar waɗannan shekaru sukan yi maganar rediyo su manta da abin da ke cikin bayansa. Al'adar nan ta shanya mataccen batir a rana don a ƙara samun labaran yamma tana da tushe, domin ɗumi da hutu sukan tayar da ragowar sinadarin, kamar dai yadda halin batirin Leclanché yake tun asali. Amma in aka manta shi cikin rediyo, tutiyar takan huje, ruwan ya tsiyayo ya cinye ƙarfen akwatin. Batirin alkalin, wanda Lewis Urry ya inganta aka fara sayarwa a 1959, ya rage wannan matsala: sinadarinsa dangin ruwan tokar da ake sabulu da shi ne, ya fi daɗewa ninki da yawa, ya kuma fi tsada. Tsadar ce ta sa har yanzu tsohon samfurin, irin su Tiger Head na ƙasar Sin, yake da kasuwa.

A koma ga batirin darma, domin a nan ne mafi yawan kuskure yake aukuwa. Abin da ya ɗaukaka shi mota ce. Kafin 1912 da hannu ake murɗa injin mota, abin da kan karya wa mutane hannu. A shekarar ne kamfanin Cadillac ya fito da mota mai tashi da lantarki, bisa ƙirar Charles Kettering. Tada inji yana bukatar wuta mai ɗimbin yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, don haka ake yin batirin mota da fallaye sirara masu yawa, a cikin ɗakuna shida, kowanne bolt biyu, jimla sha biyu. Da injin ya tashi sai ya mayar wa batir abin da ya ara. Aikin ajiyar wuta kuwa daban yake. Shi yana son a riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na sa'o'i, a zuƙe batirin sosai, a sake cikawa, kullum. Wannan sai batir mai fallaye masu kauri, ko irin dogon nan da ake haɗawa da inbata da faifan sola. Wanda ya ɗora wa batirin mota wannan aiki, kamar ya sa dokin sukuwa jan amalanke ne: zai ja na ɗan lokaci, sa'an nan fallayen su zube cikin 'yan watanni.

Ko shi batirin ajiyar yana da sharuɗɗa. Ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa. Idan aka bar shi kwana da kwanaki babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a kan fallayen, ba ya kuma narkewa. Mai ruwa yana bukatar a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, ban da na rijiya ko na famfo, kuma yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, don haka ba a kulle shi a ɗaki marar taga. Babban abokin gabansa zafi ne. Masu ƙira suna auna shekarunsa a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri takwas zuwa goma yana rage ransa da rabi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda bazara ke wuce digiri 40, jami'in da ya karanta shekara biyar a takardar kamfani ya rubuta haka a kasafin kuɗi, zai koma neman kuɗin sabon batir tun kafin wa'adin. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, ɗauke wuta ya mai da batir abin dogaro na yau da kullum a Nijeriya, alhali a ƙasashen da aka ƙera shi yakan yi shekara yana jiran rana ɗaya.

Ita wannan rana ɗaya tana iya zama babba. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa ta yanke wutar da ke shiga tashar nukiliya ta Fukushima a Jafan, igiyar teku ta biyo baya ta nutsar da janaretocin dizal, ta kuma lalata baturan sashe na ɗaya da na biyu. Ma'aikata suka rasa ko da hasken karanta ma'auni. Sai suka bi motocin da ke harabar suna ciro batura, suna jona su, goma-goma don su sami bolt 120, da haka suka iya ganin wasu ma'aunai da buɗe wasu bawuloli. Ƙirar Planté mai shekara 152 ce ta zama abin da ya rage a hannunsu.

Batirin nikel da kadmiyam, wanda Waldemar Jungner ya ƙago a Suwidin a 1899, ya yi zamaninsa a ƙananan na'urori, amma gubar kadmiyam ta sa an takura shi. Wanda ya canza duniya shi ne na litiyam, ƙarfe mafi sauƙin nauyi. Matsalar man fetur ta 1973 ta ƙarfafa bincikensa. Stanley Whittingham ya aza harsashi a kamfanin mai na Exxon, John Goodenough ya gano amfanin haɗa shi da kobalt a Jami'ar Oxford a 1980, Akira Yoshino ya yi samfurin da ba ya saurin kamawa da wuta a 1985, kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 2019. Batirin yana ɗaukar wuta ninki uku ko fiye na batirin darma mai nauyi ɗaya, shi ya sa waya da kwamfutar hannu suka yiwu. Lahaninsa shi ne in an huda shi, ko an cika masa caji fiye da kima, yana iya kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa, don haka dole a haɗa shi da na'urar da ke tsaronsa. Wani reshensa mai ƙarfe da fosfet, wanda ya fito daga ɗakin binciken Goodenough a Texas a 1997, ya fi jure zafi, yana kuma jure caji sau dubbai, shi ne yanzu yake ƙwace wa batirin darma aikin sola a hannun masu iya biyan kuɗinsa a tashi ɗaya.

Saura maganar inda batir ke fitowa da inda yake ƙarewa, kuma a duka biyun Afirka tana ciki. Fiye da rabin kobalt na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi, ana kuma haƙar dutsen litiyam a jihohin Nasarawa da Kwara. Batirin darma kuwa, ɗaya daga cikin dalilan daɗewarsa shi ne darmar ba ta mutuwa, ana narkar da ita a yi sabo, har a Amurka kusan dukan tsofaffin batura suna komawa masana'anta. Inda babu irin wannan tsari, sai 'yan gwangwan su fasa batir da gatari, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka darmar a fili cikin unguwa. Ƙurarta tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma ba ta barin ƙasa. A Thiaroye, bayan garin Dakar a Sinigal, mazauna wata unguwa sun yi shekaru suna wannan sana'a, da farashin darma ya tashi sai mata suka shiga tankaɗe ƙasar wurin a cikin gidaje don su tsinci ɓurɓushinta. Tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008 yara 18 suka mutu, kafin likitocin Hukumar Lafiya ta Duniya su tabbatar da cewa darma ce, aka kuma shiga kwashe ƙasar unguwar.