Yadda ake gane irin kaza daga kamanninta da launin ƙwanta

Da wuya a shiga gida a ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi ba a tarar da akurki ba. Galibi mata ne ke da kajin, kuma da su ake fita kunyar baƙo, ko a sayar idan wata lalura ta taso.

Sai dai kajin da ke kiwo a tsakar gida yanzu ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya je kasuwa, misali ta Jega, bai san bambancinsu ba, yana iya sayen wadda ba za ta biya masa buƙata ba.

Kajin Hausa

Kazar Hausa ƙarama ce, ga zafin nama, kuma launinta ba shi da ƙa'ida: akwai ja, da baƙa, da fara, da wake-wake. Saboda haka launin gashi ba ya nuna asalinta. Masana sun fi duba ƙirar jiki.

Akwai durgu mai gajerun ƙafafu, da fingi mai gashi a murɗe, da kuma wadda wuyanta ba gashi. Wasu na ɗaukar ta ƙarshen a matsayin marar lafiya, alhali halittarta ce haka, kuma ta fi sauran jure zafi, abin da ba ƙaramin amfani ba ne a watannin bazara na Kebbi. Kazar Fulani kuwa ta fi su tsayi da nauyi.

Ƙwan kazar Hausa ƙarami ne, fari ko mai ɗan duhu kaɗan. Takan yi kimanin 40 zuwa 60 a shekara, domin da zarar ta tara goma sha wani abu sai ta shiga kwanci na kwana 21, sannan ta shafe makonni tana renon 'yan tsaki.

Kajin gidan gona

Kaza mai launin jan ƙasa, mai yin babban ƙwai ja kusan kullum, galibi irin ISA Brown ce, ko Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta samar. Irin waɗannan ba safai suke kwanci ba, don haka mai neman 'yan tsaki bai kamata ya dogara da su ba.

Noiler, wadda kamfanin Amo na jihar Oyo ya fitar, ita ce ta fi rikita masu saye, saboda launinta kala-kala ne kamar na kazar Hausa. Girman jiki da kaurin ƙafa ne ke tona ta.

Launin ƙwai

Bayan idon kaza akwai wata 'yar fata a gindin kunne. Idan fara ce, yawanci kazar farin ƙwai take yi. Idan ja ce, ƙwan kan zama ja. Wannan alama ce kawai, kuma takan saɓa a kajin gida, inda zakaran maƙwabta ke cakuɗa iri.

Jan launin a sa'o'in ƙarshe kafin ta saka ƙwan yake hawa kan ɓawo, shi ya sa idan aka fasa za a ga cikinsa fari ne. Kazar Araucana ta ƙasar Chile kuwa shuɗin ƙwai take yi, ciki da waje.

Launin ɓawo ba shi da alaƙa da amfanin ƙwai a jiki. Jan kwanduwar da ake yabon ƙwan gida da ita daga ganyaye da masarar da kazar ke tsinta take fitowa.

Da damina kuma sai a lura: ƙwai mai tauri, mai ɗigo-ɗigo da tsinin kai, na zabuwa ne, ko da an same shi a ƙarƙashin kaza. Akan sa mata ne ta kwanta a kai, kuma shi sai ya kai kwana 26 zuwa 28 kafin ya ƙyanƙyashe.