Sunan Yanka da Sunan Yayi: Waiwaye Daga Inkil

Jama'a, duk wanda ke halartar raɗin suna a nan Inkil ya san gardamar da kan tashi da zarar liman ya shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan jariri. In an ce Abubakar ko Yakubu, sai dattawa su gyaɗa kai su ce madalla. In kuwa aka ce Aryan ko Rayyan, sai ka ji wani tsoho yana tambayar na kusa da shi, "Wai me aka ce?" Samari na cewa zamani riga ne, dattawa na cewa an bar hanya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihi, mu ga yadda magabata suka yi da wannan matsala, domin ba yau ta fara ba.

Mu fara da ƙasar Hausa, inda iyayenmu da kakanninmu suka taso kafin su zo nan su zauna. Sarakunan Kano na farko sunayensu Bagauda da Warisi da Gijimasu. Da Musulunci ya kafu a fada sai aka shiga haɗa suna biyu. Sarkin da ya karɓi Wangarawa shi ne Ali Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Bayansa aka yi Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, a Katsina kuma aka yi Muhammadu Korau. Wato ke nan a wancan lokaci Ali da Muhammadu su ne baƙin sunaye, Yaji da Rumfa da Korau su ne na gida, kuma mutum ɗaya ya ɗauki duka biyun.

Daga nan al'ada ta zauna da gindinta. Ranar bakwai a yanka rago, a raɗa wa yaro sunan Annabi ko na Sahabi, wannan shi ne sunan yanka. Sannan mata a cikin gida su ba shi wanda za a riƙa kiransa da shi. Wanda aka haifa ran Juma'a Ɗanjuma, na Lahadi Ɗanladi, na Laraba Balarabe. Wanda ya biyo 'yan mata Tanko, wanda ya biyo tagwaye Gambo, na ranar salla Sallau, mai yatsa shida Cindo. In yaro ya ci sunan kakansa, kunya ta hana uwa da uba ambaton sunan, sai a ce Abba ko Baba ko Babangida.

To, mu dawo nan gida. A nan Inkil Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa kafin ya kafa birnin Bauchi a 1809. Sunan mahaifinsa Dadi, shi kuwa sunan Annabi ya ci. Da ya rasu a 1845 ɗansa Ibrahim ya gaje shi, bayansa Usman, sannan Umaru wanda Turawa suka tarar a 1902. An sake yin sarakuna biyu masu sunan Yakubu, suka riƙe Bauchi daga 1907 har 1954. Abin da ya sa sunan Yakubu ya yawaita a wannan ƙasa ke nan, mutane na sa wa 'ya'yansu don neman albarkar mai tuta.

Jihadin nan shi kansa ya zo da nasa yayin. Saboda Ɗanfodiyo ne ake kiran duk wani Usman da Shehu, kamar Alhaji Shehu Shagari wanda sunansa na yanka Usman ne. Bello kuwa sunan Fulatanci ne, ya bazu cikin Hausawa saboda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Haka ɗariƙu suka kawo mana Tijjani da Jilani. Yau babu mai ce wa waɗannan sunan yayi, alhali akwai ranar da suke sababbi fil a kunnen Bahaushe.

A zamaninmu kuma rediyo ya shigo cikin maganar. Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Bauchi ran 3 ga Fabrairu 1976, kwana 10 bayan haka aka kashe shi a Legas. Ku duba Murtalolin da kuka sani, da yawansu haihuwar wannan shekara ce ko ta bayanta. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya kawo Saddam. Bayan harin da aka kai Amurka a 2001 Usama ya yi tashe, ko da yake asalinsa sunan Sahabi ne, Usama ɗan Zaidu. Ga shi kuma yanzu finafinan Indiya da na Larabawa da wayar hannu suna ta zubo mana nasu.

A nan ne muke ganin an sami bambanci da da. Kakanninmu sun bar yayi a wajen laƙabi, wanda in ya tsufa a kunne sai a ajiye shi, sunan yanka na nan daram. Mu kuwa mun ɗauki yayin mun kai shi kan rago, daga nan ya hau takardar haihuwa, ya shiga rajistar makaranta da katin ɗan ƙasa da fasfo. Wanda ya taɓa zirga-zirgar gyaran suna tsakanin kotu da ofis ya san ba ƙaramar wahala ba ce. An rataye Saddam Husaini a 2006, amma waɗanda aka sa wa sunansa a 1991 sun haura shekara 30, sun zama magidanta, suna nan da sunan, kuma ba su suka zaɓa ba. Murtala dai ya yi dace, har gobe mai sunan na alfahari da takwaransa. Uban da ke raɗa suna cikin ɗokin labarin rediyo bai san wanne daga cikin biyun nan zai samu ba.

Akwai kuma asarar da ba mu cika lura da ita ba. Tanko da Nomau da Shekarau suna ƙarewa tare da tsofaffinmu. Mu da muke zaune nesa da garuruwan kakanninmu, waɗannan sunaye da sunan kaka da ake maimaitawa su ne ke tuna wa yaro gidan da ya fito.

Saboda haka shawararmu ga mai jiran haihuwa ita ce, kafin ranar suna ya je wajen malami ya ji ma'anar sunan da ya zaɓa, domin wasu da ake ɗauka na Larabci ne ba su da asali a Larabcin. Ya kuma tambayi kansa wane ne takwaran yaron nan, kuma ko zai so ya ba shi labarinsa in ya girma. In amarya na son Sultan ko Amir, ai ba faɗa, sai a raɗa Ibrahim ko Yakubu, ita kuma ta kira abinta yadda take so a ɗaka, kamar yadda kakanninta suka yi da Ɗanladi.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa su yi halin masu sunan ƙwarai, amin.